Yadda muka bi sawun waƙar lallenmu daga Asawase zuwa ofisoshin Ankara

Tun da labari ya bazu a Zangon Kumasi, a ƙasar Gana, cewa ƙungiyarmu ta mata ta sa an sauke wata waƙa daga intanet, wayata ba ta huta ba. Daga Aboabo ake kira, daga Sawaba, har daga Nima da Madina da ke Ankara, wato Accra, kuma tambayar guda ce: wace kotun duniya kuka kai ƙara? Babu kotun da muka taka. Yawon ofisoshi muka yi na watanni a shekarar 2025, muna shiga wannan ana nuna mana wancan. Ni ce magatakardar ƙungiyar, malamar makaranta ce a Asawase, kuma duk takardar da aka rubuta a kan wannan magana ta hannuna ta bi. Shi ya sa na ga ya dace in jera abin yadda ya faru, domin wanda irin haka ta same shi ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Waƙar ta sa lalle ce. Gwaggona, wadda ita ce alwankar unguwarmu tun ban san kaina ba, ita ke bayarwa, tsofaffi uku na amshi, ana kaɗa ƙwarya a cikin ruwa. Ta koya wurin kakarta, kakar kuma ta zo da ita daga Salaga. A bikin wata 'yar yayata, ƙanin amarya ya ɗauki bidiyo da wayarsa ya ɗora a Facebook don 'yan uwan da ke nesa su gani, yadda kowa ke yi yanzu. Bayan wasu watanni sai wata ɗiyarmu da ke aure a Jamus ta turo mini wani kiɗan rawa da ta ji a shagon gyaran gashi. Muryar Gwaggo ce tsaf, an yanka ta gunduwa-gunduwa an ɗora a kan ganga ta na'ura, an sa mata suna da wani harshe, ana sayarwa a dandalin sauraron kiɗa. A wurin bayani an rubuta cewa muryoyin wata ƙabila ce ta Afirka. Babu sunan Gwaggo, babu Hausa, babu Kumasi. Da na kunna mata, sai ta yi shiru har ya ƙare, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan baitin ai a cikin ɗaki ake yin sa, amarya kaɗai ake gaya wa." Baitin nasiha ne kan zaman aure, irin wanda ko mijin ba ya ji. Kuɗin da wani ya ci bai dame ta kamar wannan ba, kuma da wannan damuwar tata na riƙa auna duk abin da aka gaya mini daga baya.

Fadar sarkin unguwarmu muka fara zuwa, ni da Magajiya, da goro a hannu kamar yadda aka saba. Na kunna masa kiɗan, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu." Tambaya biyu ya yi: wa ya ɗauki hoton, kuma da yardar wa? Sai ya sa magatakardansa ya rubuta mana takarda da Turanci mai ɗauke da hatimin fada, wadda ta ce ƙungiyarmu sananniya ce a unguwa, kuma Gwaggo ita jama'a suka sani da wannan aiki. A lokacin ban ɗauke ta da wani nauyi sosai ba fiye da girmamawa, amma duk ofishin da na shiga a Ankara, babban birnin ƙasa, ita aka fara ɗagawa a karanta. Kada kowa ya bar Kumasi ba tare da irinta ba, kuma a buga kwafi da yawa. A zauren fadar ne ma gardamar ta fara, domin wani matashi da ya gama jami'a ya ce a rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya kai tsaye, tunda watanni kaɗan kafin nan an ji UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar, ta karɓi kente, saƙaƙƙen tufafin Gana, cikin jerin al'adun duniya. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma a ranar haka na ɗauka, cewa akwai wata doka a sama da ta ƙasashe wadda za ka kai mata kuka ta share maka hawaye.

Daga nan sai Cibiyar Al'adu ta Kumasi, wadda ke kusa da Kejetia a kan hanyar Bantama, wadda Dakta Alex Kyerematen ya assasa tun shekarun 1950. Ba a biyan komai don a yi tambaya. Jami'in da ya saurare mu ya yi mana bayani a natse cewa aikinsu raya al'adu ne da shirya bukukuwa da horar da masu sana'a, ba su da ikon kama wanda ya ɗauki waƙa a wata ƙasa. Amma ya rubuta mini sunayen wurare uku a Ankara a bayan ambulan, ya kuma yi mini wata tambaya da ta tsaya mini a rai: waƙoƙin nan nawa ne, kuma a ina aka rubuta su? Na ce a kan Gwaggo suke. Ya ce to mu fara da wannan ko da ba mu je ko'ina ba.

Kafin tafiya, wani ƙanin mijina ya haɗa mu da lauya a Adum. Sidi 600 muka biya, na zama da shi da na rubuta takardu, kuma a duk kuɗin da muka kashe babu wanda ya kai wannan amfani. Lauyan ya ce mu daina cewa "waƙarmu" a dunƙule, domin a idon doka abu uku ne a cikin bidiyon nan. Akwai ita waƙar kanta, kalmominta da karinta, wadda ba a san wanda ya ƙaga ta ba. Akwai muryoyin matan da suka rera. Akwai kuma shi ɗaukar da yaron ya yi da wayarsa. Ya ce babbar yarjejeniyar duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, ta Bern, wadda aka ƙulla tun 1886, an gina ta ne a kan mutum sananne da ya ƙirƙiri abu, a kare masa shi tsawon rayuwarsa da wasu shekaru bayan mutuwarsa. A Gana shekara 70 ne. Waƙar da ta wuce ta bakin kaka da jika ba ta shiga wannan ma'auni. A yawancin ƙasashen Turai da Amurka, tsohuwar waƙar gargajiya kayan kowa ce, wanda ya ga dama ya ɗauka. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da ya ƙara da cewa shi wanda ya yanka muryar ya ɗora kiɗa, doka za ta iya kare masa abin da ya ƙara, alhali tushen ba shi da mai karewa. Amma sai ya ce ga inda ƙarfinku yake: wata yarjejeniya ta 1996 ta WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, a kan masu rerawa da faya-fayan sauti ta ambaci masu rera waƙoƙin gargajiya ƙarara a cikin waɗanda ke da haƙƙi a kan muryarsu, kuma shi yaron da ya ɗauki bidiyon yana da haƙƙi a kan abin da ya ɗauka. Wato waƙar ba ta da mai ita a can, amma muryar Gwaggo tana da mai ita.

Ya lissafa abin da za mu tara. Asalin bidiyon daga cikin wayar, ba wanda aka sauko da shi daga Facebook ba, domin asalin yana ɗauke da ranar da aka ɗauka. Hoton shafin da ake sayar da kiɗan, da adireshinsa, kafin a canza shi. Takardar rantsuwa ta yaron a gaban kwamishinan rantsuwa cewa shi ya ɗauka kuma bai ba kowa izini ba. Sai takardar kowace tsohuwa da ke cewa muryarta ce, ta kuma wakilta ni in yi magana a madadinta, tare da kwafin katinta na ɗan ƙasa, Ghana Card. Biyu daga cikinsu ba sa rubutun boko, don haka aka karanta musu da Hausa a gaban shaida, aka rubuta a ƙasa cewa an fassara musu sun fahimta, suka dangwala yatsa. Ɗaya ta ƙi da farko. Ta ce ita tun korar baƙi ta 1969, zamanin Busia, lokacin da aka ɗora maƙwabtansu a manyan motoci, ta yi wa kanta alkawarin sunanta ba zai shiga takardar gwamnati a kan maganar Hausanci ba. Sai da Magajiya ta je har ɗakinta ta zauna da ita. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki a zango ya shirya wa wannan tsoron, kada ya ɗauke shi jahilci.

Motar dare muka shiga daga Asafo, ni da yaron, muka sauka Circle a Ankara da asuba, muka wuce gidan wata innata a Nima muka yi salla muka karya da koko da ƙosai. Ofishin Haƙƙin Mallaka muka fara nufa. A nan aka tabbatar mana da abin da lauya ya faɗa, cewa a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2005, wadda ake kira Act 690, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an yi aikin, rajista ba sharaɗi ba ce, amma takardar rajista hujja ce mai ƙarfi idan gardama ta taso. Yaron ya cika fom da sunansa, muka ba da kwafin bidiyon, muka biya kuɗin da ke rubuce a jadawalinsu muka karɓi rasit. Takardar shaidar ba a ranar take fitowa ba, don haka a bar lambar wayar wanda ke zaune a Ankara zai iya zuwa karɓa. Akwai wani wuri dabam, wanda ba zan kira sunansa ba, da muka wuni a kan benci har la'asar, sannan aka ce wasiƙarmu ba ta ɗauke da muƙamin shugaban wurin daidai, mu koma mu sake bugawa. Na fito na tsaya a bakin titi hawaye na zuba, ga yunwa ga zafin rana, ina tunanin kuɗin adashin mata da nake ƙonawa a kuɗin mota. Tun daga ranar nake yawo da wasiƙun a cikin filashi, domin ko'ina akwai shagon buga takarda a kusa.

Wuri na biyu shi ne hukumar kula da al'adun gargajiya ta ƙasa, wadda a takardunta za ku ga National Folklore Board. A nan na ji maganar da ta fi girgiza ni. Dokar nan ta 2005 ta ce duk fasahar gargajiya ta Gana, waƙa ce ko tatsuniya ko zanen kente da adinkra da ba a san mai shi ba, haƙƙinta yana hannun Shugaban Ƙasa, yana riƙe da shi amana a madadin jama'a, kuma wannan kariyar ba ta da ranar ƙarewa. Wanda zai yi kasuwanci da ita, baƙo ne ko ɗan ƙasa, sai ya nemi izinin hukumar ya biya. Na ce to waƙar kakarmu ta zama ta gwamnati ke nan? Matar da ke mana bayani ta ce ba bikin gida ake nufi ba, masu neman kuɗi da abin ake nufi. Ta ba mu labarin da ya shahara a wurinsu, na mawaƙin Amurka Paul Simon, wanda ya yi amfani da tsohon karin Yaa Amponsah a faifansa na 1990 ya kuma biya Gana, kuɗin da ya taimaka wajen kafa hukumar. Amma ikon dokar a kan iyakar Gana yake tsayawa. Wanda ke zaune a wata ƙasa, idan bai ga dama ba, wasiƙa kawai za a iya aika masa.

Sai na yi tambayar da ke cina tun a mota. Dokar ta yi maganar abin da al'ummomin Gana suka ƙirƙira suka adana. Mu Hausawan zango muna ciki? Waƙar nan da ɗan bambanci za ka ji ta a Katsina, za ka ji ta a Maraɗi. Ba ta kore ni ba, ta ce in rubuto tarihin waƙar a ƙasar nan, tun yaushe ake yin ta kuma a wane gari. A daren na zauna na rubuta abin da na sani: fataken goro da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, yaƙin basasar 1892 da ya watsa mutanenta zuwa Karachi ta Gana, wato Kete-Krachi, da Yeji da Kumasi da Ankara, Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano da ya rayu ya koyar ya rasu a nan a 1934, Sabon Zangon Ankara da Malam Bako ya kafa. Kakannina sun riga sunan Gana zuwa wannan ƙasa. Na miƙa takardar, aka buga mata hatimin karɓa, na riƙe kwafi. Duk da haka ban fita da kwanciyar hankali ba. Doka ta san ƙasa da iyakarta, al'adarmu kuwa ta ratsa ƙasashe huɗu ko biyar, kuma kowace ƙasa za ta iya cewa tata ce ko ta ce ba tata ba ce, gwargwadon abin da ya fi mata sauƙi.

Wuri na uku shi ne ofishin hukumar ƙasa mai hulɗa da UNESCO. Sai da muka nemi lokaci ta waya, aka ba mu wani mako, muka koma Kumasi muka sake dawowa. A can na gane cewa abin da matashin nan ya faɗa a fada ba haka yake ba. Yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun da ba a taɓa su da hannu, wadda Gana ta shiga a 2016, ba kotu ba ce, kuma mutum ko ƙungiya ba sa kai mata buƙata. Gwamnati ce kaɗai ke miƙa suna. Kafin ta miƙa, sai al'adar ta shiga kundin ƙasa, sai an nuna masu ita sun yarda da bakinsu ba tare da tilas ba, sai an haɗa hotuna goma da ɗan gajeren bidiyo da tsarin yadda za a raya ta, a kai kafin ƙarshen watan Maris, sannan a jira har ƙarshen shekara mai zuwa kafin kwamitin ƙasashe 24 ya yanke. Kuma ko an karɓa, shiga jerin ba ya ba kowa mallaka, ba ya hana wani a wata ƙasa kwaikwayo. Suna ne da martaba da alkawarin gwamnati cewa za ta kula. Na tambayi kente, aka ce ita ma haka, shi ya sa masaƙan Bonwire da Kpetoe suke bin wata hanya dabam ta alamar asalin kaya, wadda ke da dokarta tun 2003, amma wannan ta kayan sayarwa ce, ba ta waƙa ba.

A nan kuma na ji abin da ban sani ba. A zaman da aka karɓi kente, a Asunsiyon ta ƙasar Faragwai a watan Disamban 2024, a nan aka karɓi hawan sallar Kano da sunan Najeriya, a nan kuma aka karɓi lalle da al'adunsa da sunan ƙasashen Larabawa 16, irin su Masar da Sudan da Maroko da Muritaniya. Babu Gana a ciki, babu Najeriya, babu Nijar. Na kalli hannuna da ke da sauran jan lallen wani biki. Ba na jin haushin waɗanda suka rubuta nasu, sun yi abin da ya kamata, gwamnatocinsu sun tsaya musu. Jami'in ya ce ƙa'ida ta yarda wata ƙasa ta nemi a faɗaɗa irin wannan rajista ta shiga, idan ƙasashen farko sun amince kuma masu al'adar sun nema.

Kafin mu koma, innata ta haɗa ni da wata malama a Jami'ar Gana da ke Legon, inda Cibiyar Nazarin Afirka ke da taskar sauti mai sunan Farfesa Kwabena Nketia. Ita ta cike mini sauran. Ta ce tun shekarar 2000 aka kafa wani kwamitin WIPO da ke zama a Jeniba a kan wannan magana. A watan Mayun 2024 an samu yarjejeniya, amma ta tsirrai da sanin gargajiya da ke tattare da su ce, tana tilasta wa mai neman rajistar ƙirƙira ya faɗi inda ya samo. Ɓangaren waƙa da zane da rawa har yanzu ana ja. Ƙasashe masu tasowa na son doka mai ɗaure kowa, wasu manyan ƙasashe masu kamfanonin kiɗa da fim na cewa hakan zai ƙuntata abin da ya zama na kowa. A Afirka akwai yarjejeniyar Swakopmund ta 2010 a ƙarƙashin ARIPO, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka kan haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta amince al'umma na iya zama mai haƙƙi, sai dai ƙasashen da suka shige ta kaɗai take ɗaurewa. Ta kuma ba ni shawarar da na fi amfana da ita, cewa taskar kirki tana karɓar ajiya da sharaɗi, mai ajiya ya rubuta wa zai ji da wa ba zai ji ba.

Da na dawo aka kira taro a farfajiyar makarantar allo bayan la'asar, maza a gefe mata a gefe, na ba da rahoto. Nan aka yi gardamar da ban taɓa ganin irinta a unguwarmu ba. Matashin nan ya ce dokar duniya ta Turawa ce, sun rubuta ta don kansu. Ya kawo misalin kayan zinariyar Asante da sojan Ingila suka kwashe a 1874, waɗanda gidajen tarihin Landan suka dawo da su Manhyia, fadar sarkin Asante, a 2024 a matsayin aro. Ya ce idan sarkin Tonawa, wato Asante, da duk ƙarfinsa aro aka ba shi, mu me za a ba mu? Wani dattijo ɗan kasuwa ya ce a bar abin, yaɗuwar waƙa ai ɗaukaka ce, mu ma mun ɗauki na wasu, ga waakye, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi duk Gana na ci ba wanda ya biya mu. Limaminmu ya ce shari'a ta san al'ada, malaman Malikiyya na hukunci da ita matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba, amma shi abin da ya dame shi muryar matan aure ce a wurin rawa, kuma ba zai goyi bayan a kai waƙoƙin ɗaki wani kundi ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta miƙe ta ce, "Allah gafarta Malam, kafin mu nemi duniya ta kare al'ada, a faɗa mana wace al'adar." Ta ce ita ta karɓi haihuwar yaran da aka aurar ba su kai ba. Wuri ya yi tsit. Na karanta musu abin da na kwafo: kundin tsarin mulkin 1992, sashe na 26, ya ba kowa 'yancin al'adarsa, a wurin kuma ya haramta duk al'adar da ke cutar da mutum ko zubar masa da mutunci, dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 ce mafi ƙarancin aure, ita ma yarjejeniyar 2003 ba ta karɓar abin da ya saɓa wa haƙƙin ɗan Adam.

Ra'ayina, wanda na faɗa a wurin kuma har yanzu ina kansa, shi ne matashin yana da gaskiya a kan yadda aka gina dokar, amma ba shi da gaskiya da ya ce a juya mata baya, domin da ɗan abin da ke cikinta muka samu makama. Dattijon kuma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Wanda ya koyi dafa waakye ya dafa da hannunsa, wannan kuwa muryar wata baiwar Allah ya ɗauka tana raye, ya share sunanta. Gwaggo ce ta rufe taron daga inda take zaune. Ta ce, "Ku rubuta na waje, na ɗaki kuma ku turo mini 'yan mata in koya musu." Da wannan aka tashi.

Sauke kiɗan ya zo da sauƙin da ya ba ni mamaki bayan duk wannan yawo. Dandalin yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, irin wanda wata dokar Amurka ta 1998 ta sa manyan dandali suka tanada. Yaron ne ya cika da sunansa, tunda shi ke da bidiyon, lauya ya duba kalmomin, muka liƙa adireshin asalin abin da ya ɗora da na kiɗan, da rantsuwarsa, da takardun tsofaffin. Ba a biyan ko pesewa. Ba mu rubuta cewa an saci al'adarmu ba, domin fom ɗin ba shi da gurbin wannan. Mun rubuta cewa an ɗauki sautin bidiyonsa ba da izini ba. Bayan 'yan makonni kiɗan ya ɓace daga shafin. Sai ga wasiƙa daga mai kiɗan, yana ba da haƙuri, yana cewa ya ɗauka waƙar gargajiya ba ta da mai ita, yana tayin raba riba idan za a bar shi ya mayar. Na karanta wa tsofaffin da Hausa. Uku sun ce Gwaggo ta yanke. Ta ce idan baitin waje ne da an yi magana, wannan kuwa ba na sayarwa ba ne. Haka lauya ya rubuta masa. Kwafin da wasu suka riga suka sauke a wayoyinsu ba mu da yadda za mu yi da su, kuma na gaya wa matan haka ƙarara.

Duka-duka mun kashe kusan sidi 4,000, daga gudummawar sidi 20 da kowace mace ke sawa a taron mako. Fiye da rabi kuɗin mota ne da abinci a hanya. Wanda abin ya same shi yau, ya fara adana asalin bidiyo da hoton shafin tun kafin ya gaya wa kowa, ya nemo wanda ya ɗauka, ya karɓi takardar fada, ya ga lauya, ya cika fom ɗin dandalin. Wannan duka a Kumasi ake yin sa. Zuwa Ankara na rajista ne da na shigar da al'adar cikin lissafin ƙasa, abu ne mai kyau amma ba na gaggawa ba, kuma a kira a nemi lokaci kafin a hau mota.

A unguwa yanzu muna da littafi mai bango mai kauri a hannun Magajiya. Mun rubuta waƙoƙin kamu da na sa lalle da na kai amarya, da boko da ajami, kowace da sunan wadda aka karɓa daga bakinta da wadda ta koya mata. Mun kasa su gida uku: wadda kowa zai iya ji, wadda sai an nemi izini a rubuce, da wadda sunanta kawai aka rubuta ba kalmominta ba. Duk mai ɗaukar hoton biki, ko ɗan gida ne, yana sa hannu a 'yar takarda mai shafi ɗaya kafin ya fara, kuma idan aka shiga da amarya ɗaki ana tara wayoyi a faranti a bakin ƙofa. 'Yan mata shida ke zuwa wurin Gwaggo ranar Alhamis da yamma. Maganar lalle kuma mun rubuta wa ƙungiyoyin mata na Nima da Tamale, muna neman mu haɗa wasiƙa guda zuwa ma'aikatar al'adu a sa shi cikin kundin ƙasa tukuna. Na Nima sun amsa, sun ce a zauna bayan babbar salla, a gidan magajiyarsu.